Wace Rana Ce Ƙwai Ke Fita Ga Wadda Al'adarta Ba Ta Tsayawa A Kwana 28?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 27, wata tara da aurena, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Al'adata wani lokaci bayan kwana 31 take dawowa, wani lokaci 33, ta taɓa kaiwa 35, kuma jinin yana yi mini kwana shida. Ƙawata ta ce rana ta 14 ƙwai ke fita, wata ta ce daga ranar wankan tsarki ake fara ƙirga, manhajar wayata kuma kowane wata ranar da take nunawa daban. A tsakiyar wata ina ganin ruwa mai yauƙi, an ce mini sanyi ne, na sha magani bai daina ba. Mu biyu ne a wurin maigida, kwana bibbiyu muke yi. Don Allah yaya zan gane ranar?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Allah Ya ba ki zuri'a ɗayyiba. Kafin komai ki kwantar da hankalinki. Al'adar da ke yawo tsakanin kwana 31 da 35 lafiyayya ce, domin a wurin mace baliga duk abin da ya faɗa tsakanin kwana 21 da 35 ba ma kiran sa matsala. Wata tara ma bai kai lokacin da za a ce akwai jinkirin haihuwa ba. Ruwan nan kuwa da kike ta shan magani a kansa, yadda kika siffanta shi, ina kyautata zaton shi ne amsar tambayarki. Zan zo kansa.

Mu fara da inda ake fara ƙirga, don a nan ne mata da yawa ke ɓata lissafi tun kafin su yi nisa. Rana ta 1 ita ce ranar da jini ya zo sosai, ja, wanda dole sai kin sa audugar mata. Ɗan ɗigon nan mai ruwan ƙasa da wasu ke gani kwana ɗaya ko biyu kafin jinin ya ɓalle ba ya cikin wannan lissafi. Hukuncinsa game da salla da azumi na malamai ne, ni maganar jiki nake yi. Daga ranar farko za ki ƙirga har zuwa jajibirin al'ada ta gaba. Idan jini ya zo miki 3 ga Maris, ya sake zuwa 5 ga Afrilu, zagayenki na wannan karon kwana 33 ne, kuma kwana shidan da kika yi kina jini suna ciki.

Na san inda maganar ranar wanka ta samo asali. Ranar da mace ta fi riƙewa a ranta ita ce wadda ta ga tsarki ta yi wanka ta koma salla, saboda ita ce ke da alaƙa da ibadarta da ramuwar azuminta. Amma jiki ba ya jiran wankan. Tun jini yana zuba ƙwan wannan watan ya riga ya fara girma. Mai zagayen kwana 28 da ke jini kwana shida, in ta fara ƙirga daga ranar wanka, ranar da take kira ta 14 a gaskiya ta 20 ce, ƙwan ya fita ya lalace tun kusan mako guda. Mai gajeren zagaye kuma, a ce kwana 24, wadda jininta ke kai kwana bakwai, ƙwanta na iya fita wajen rana ta 10, wato ranar da ta yi wanka ma ta riga ta shiga kwanakin ɗaukar ciki. Shi ya sa maganar da ake yi cewa kwanakin da ke bin bayan wanka ba a ɗaukar ciki ba kowace mace ta shafa ba.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe fiye da komai a cikin wannan amsa. Ba jinin da ya wuce ne ke yanke ranar fitar ƙwai ba. Fitar ƙwai ce ke yanke ranar jinin da zai zo.

Ga yadda abin yake. Zagayen al'ada kashi biyu ne. A kashi na farko ƙwaƙwalwa tana aika sinadari zuwa gidan ƙwai, wasu 'yan jakunkuna su fara girma, kowace da ƙwai a cikinta, sai ɗaya ta fi sauran ta ci gaba. Wannan jakar tana fitar da sinadarin istirojin, shi ke sa bangon mahaifa ya yi kauri, shi ke sa bakin mahaifa ya saki ruwa. Idan istirojin ya kai matuƙa, sai ƙwaƙwalwa ta sako wani sinadari mai suna LH da yawa a lokaci guda, bayan awa 24 zuwa 36 jakar ta fashe ƙwai ya fito. Daga nan kashi na biyu ya fara. Ragowar jakar tana komawa fitar da furojestaron, wanda ke riƙe bangon mahaifa ya zauna cikin shiri. Ita wannan ragowar jakar kwanakinta ƙidayayyu ne, galibi 12 zuwa 14. In ciki bai shiga ba sai ta mutu, furojestaron ya faɗi, bangon ya zube, shi ne jinin da kike gani.

Kashi na biyu kusan tsayinsa ɗaya ne kowane wata a jikin mace guda. Na farkon shi ke miƙewa yana tsukewa. Zazzaɓi, tashin hankali, rashin barci, tafiya mai nisa, rama ko ƙiba ta gaggawa, duk suna iya jinkirta girman ƙwai. Saboda haka idan mace ta ce al'adarta ta yi jinkirin kwana biyar saboda damuwa, abin da ya faru shi ne ƙwanta ne ya yi jinkirin kwana biyar, jinin ya biyo bayansa a kan lokacinsa. Likitoci biyu ne suka fara tabbatar da wannan a shekarun 1920, Kyusaku Ogino a Japan da Hermann Knaus a Ostiriya, kowa da aikinsa daban, kuma duk lissafin kalanda da ake yi yau daga wurinsu ya taso.

To rana ta 14 da ƙawarki ta faɗa fa? Daidai ce ga mai zagayen kwana 28, don 28 a cire 14 saura 14. Matsalar ita ce masu kwana 28 cif ba su da yawa yadda ake zato. A 2019 an wallafa wani bincike da ya duba zagayen al'ada sama da 600,000 na mata masu amfani da wata manhaja, aka ga kashi 13 cikin 100 ne kawai suka kasance kwana 28 daidai, matsakaicin kuwa ya ɗan haura kwana 29. Ke lissafinki daban ne. A watan da zagayenki ya zama 31, ƙwai zai fita wajen rana ta 17. In 33 ne, rana ta 19. In 35 ne, rana ta 21. A misalin da na ba ki na 3 ga Maris, rana ta 19 ta faɗo 21 ga Maris, alhali rana ta 14 ita ce 16 ga wata. Kwana biyar ke nan tsakaninsu.

Sai dai kada ki mayar da abin farautar rana guda. Ƙwai bayan ya fito awa 12 zuwa 24 kawai yake rayuwa, amma ƙwayoyin maniyyi suna iya zama a jikin mace har kwana biyar suna jira, muddin sun tarar da ruwan da ya dace. Don haka kwanakin ɗaukar ciki shida ne: biyar kafin fitar ƙwai, da ranar fitarsa. Wani sanannen bincike da Allen Wilcox da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1995, a kan mata 221 masu neman haihuwa, ya nuna duk cikin da aka samu daga saduwar da aka yi a waɗannan kwanaki shida ne. Damar ta fara daga kusan 10 cikin 100 a kwana na biyar kafin fitar ƙwai, ta kai kusan 33 cikin 100 a ƙarshen kwanakin. Abin lura a nan shi ne ƙofar tana buɗewa da wuri, tana rufewa da sauri. Gara maniyyi ya riga ƙwai isowa da ƙwai ya riga shi. Kwana biyun da ke zuwa kafin fitar ƙwai da ranar kanta su suka fi, kashegari kuwa an makara. Wannan binciken dai ya duba ko ranar saduwa tana da tasiri kan samun namiji ko mace, bai ga wata alaƙa ba, don haka duk mai sayar miki da lissafin zaɓen jinsi ki bar shi da kayansa.

Tunda ba za ki san tsawon zagayen da kike ciki ba sai ya ƙare, kalanda hasashe kawai take iya ba ki. Akwai tsohuwar ƙa'ida mai amfani: ki rubuta zagaye shida a jere, ki cire 18 daga mafi gajarta, ki cire 11 daga mafi tsawo. Naki 31 a cire 18 saura 13, 35 a cire 11 saura 24. Tsakanin rana ta 13 da ta 24 kwanakinki shida suke ɓoye, wani wata a gaba-gaba, wani wata a baya-baya. Kwana 12 fili ne mai faɗi, kuma abin da zai tsuke miki shi ba takarda ba ce, jikinki ne.

Nan muka zo kan ruwan. Bayan jini ya ɗauke, yawancin mata suna yin 'yan kwanaki a bushe. Sai wani abu ya fara fitowa mai danƙo, fari ko mai ɗan duhu, wanda in kin taɓa shi yana gutsurewa. Yana tafiya yana ƙara laushi da yawa, har ya koma garai-garai, mai santsi, mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, in kin ja shi tsakanin yatsu biyu ya miƙe bai tsinke ba. A lokacin za ki ji gabanki da laima da santsi ko ba ki duba ba, musamman wajen tsarki. Wannan ruwa daga bakin mahaifa yake, istirojin ne ya sa shi, aikinsa kuma shi ne ya buɗe wa maniyyi hanya, ya ciyar da shi, ya kare shi daga tsamin farji wanda in ba don shi ba cikin 'yan awoyi zai kashe shi. Ranar ƙarshe da kika ga mai yauƙin, ƙwai yana fita a ranar ko kwana ɗaya zuwa biyu kusa da ita. Daga nan furojestaron ya karɓi aiki, ruwan ya koma kauri ko ya ɗauke gaba ɗaya. Wasu likitoci biyu mata da miji a Ostireliya, John da Evelyn Billings, sun gina tsari guda na sanin kwanakin haihuwa a kan wannan alama kaɗai, ana koyar da shi a ƙasashe da yawa har yau.

Abin da ke damuna, kuma ina ganin sa kullum a ɗakin duba marasa lafiya, shi ne yadda kalmar sanyi ta haɗiye duk wani ruwa da ya fito daga jikin mace. Yarinya ta ga alamar lafiyarta, a ce mata cuta ce, ta tafi kemis a haɗa mata ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta kala uku da na cusawa, wata mai zuwa ruwan ya dawo a kan lokacinsa, a ce sanyin ya yi ƙarfi, a ƙara wani. Ba zai daina ba, don ba cuta ba ne. Maganin ne ma ke kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsaron farji, daga nan ƙaiƙayin gaske ya samu wurin shiga. Ruwan cuta yana da alamominsa: wari, musamman mai ƙarni, ko ƙaiƙayi, ko zafin fitsari, ko launi kore ko rawaya sosai, ko fari mai gudaji, ko ciwon mara da zafi lokacin saduwa. Kuma ba ya bin kalanda, ba ya zuwa tsakiyar wata ya yi kwana uku ko huɗu ya tafi da kansa. In naki ba wari, ba ƙaiƙayi, yana zuwa yana tafiya, ki daina shan magani a kansa. In kina shakka ki je asibiti a ɗebi ruwan a gwada, kada a yi miki magani da ka.

Haka nan ki yi hattara da matsi da duk wani abin cusawa, da wanke can ciki da sabulu ko ruwan magani ko alif. Suna busar da wurin, suna ɓata ruwan da maniyyi ke buƙata, kuma suna ɓoye miki alamar da kike nema. Mai neman haihuwa ruwa zalla ya ishe ta, a waje kawai.

Yadda za ki lura ba wuya. Duk lokacin da kika shiga bayi, kafin ki yi fitsari, ki shafa da tsaftataccen yatsa ko takardar bayi a bakin gaba, ki duba. Da daddare ki rubuta abin da ya fi yawa a ranar a ɗan littafi: jini, bushe, danƙo, yauƙi. Kalma ɗaya ta isa. Kashegarin saduwa ragowar maniyyi na iya rikita ki, shi ya fi ruwa-ruwa kuma ba ya miƙewa sosai, sai ki sa alama a ranar. Zagaye biyu ko uku za ki fara ganin tsarin jikinki, kuma ina sa ran za ki tarar yauƙin naki yana zuwa ne tsakanin rana ta 14 da ta 21, ba kafin nan ba.

In kina son ƙarin tabbaci akwai tsinken gwajin fitar ƙwai da ake sayarwa a manyan shagunan magani. Yana kama da na gwajin ciki amma karatunsa daban, kuma nan mata ke ruɗewa. A gwajin ciki ko layi na biyu ya fito dishi-dishi, ciki ne. A wannan kuwa kullum akwai ɗan LH a jiki, don haka layi mai haske ba komai ba ne. Sai layin gwajin ya yi duhu daidai da ɗan uwansa ko ya fi shi, sannan ake cewa ya nuna, ma'ana ƙwai zai fita cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ranar da ya nuna da kashegarinta su ne na saduwa. Ki fara gwaji daga rana ta 14, wato gajeren zagayenki a cire 17, sau ɗaya a rana a lokaci guda, tsakanin hantsi da magariba, ki rage shan ruwa awa biyu kafin nan don kada fitsarin ya tsinke. Masu lalurar PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan lokaci, tsinken kan yaudare su, domin LH ɗinsu na iya zama sama kullum ba tare da ƙwai ya fita ba.

Akwai kuma awon zafin jiki. Bayan ƙwai ya fita, furojestaron yana ɗaga zafin jiki da kamar digiri 0.2 zuwa 0.5 a ma'aunin Selsiyos, ya zauna haka har al'ada ta zo. Ana aunawa da farkawa, kafin a sauko daga gado, wato kafin ki tashi alwalar asuba, da ma'auni mai nuna ƙananan lambobi. Ba na yawan dora mata a kansa. Labarin abin da ya riga ya wuce yake bayarwa, kuma zazzaɓin cizon sauro ɗaya ko daren da zafi ya hana barci ya isa ya birkita jadawalin wata guda. Amfaninsa shi ne tabbatar da cewa ƙwai yana fita. Ɗan ciwon da wasu ke ji a gefe ɗaya na mara a tsakiyar wata, da ƙaruwar sha'awa, da nauyin nono bayan nan, shaidu ne masu taimakawa amma ba a gina lissafi a kansu.

Manhajar wayarki kuma ki ɗauke ta a matsayin littafin ajiye ranaku. Yawancinsu matsakaicin watanninki na baya suke ɗauka su cire 14, shi ya sa ranar ke canzawa duk lokacin da kika shigar da sabon wata. Ba ta ganin abin da ke faruwa a jikinki. Idan ta ce yau, jikinki kuma a bushe yake, ki gaskata jikin.

Maganar rabon kwana tana da muhimmanci, kuma littattafan da aka rubuta a Turai ba sa kawo ta. Ke da kuke ku biyu, kwana bibbiyu, lissafi yana gefenki. Duk bayan kwana biyu girki na dawowa gare ki, don haka babu yadda kwanaki shida za su wuce ba ki samu aƙalla dare biyu a cikinsu ba, kuma ga maniyyi yana jira har kwana biyar. Abin da ake buƙata kawai shi ne daga rana ta 13 zuwa ta 24 kada girkinki ya wuce ba a kusanci juna ba, ko da sau ɗaya a kowane zagayen girki, in an samu duka daren biyu ya fi. Inda gizo ke saƙa shi ne gidan mata huɗu masu kwana bibbiyu. Can mace tana yin dare shida a jere ba mijinta, daidai tsawon kwanakin ɗaukar ciki, kuma yana yiwuwa watanni su jera ƙwanta yana fita a ranakun da ba nata ba, a yi ta neman magani alhali lafiyarta ƙalau. Haka matar direban babbar mota, ko ɗan kasuwar da ke Legas sai ƙarshen wata, ko ma'aikacin da aka tura wata jiha. Irin waɗannan su ya fi kamata su san kwanakinsu da kyau, maigida ya daidaita zuwansa da su. Musayar kwana tsakanin abokan zama da yardar juna abu ne da ke da asali a addini, an san Nana Sauda ta bar wa Nana A'isha kwananta, Allah Ya ƙara musu yarda, amma yadda za a yi shi ba tare da tauye haƙƙin kowa ba sai a tambayi malamai.

Ga waɗanda ke tare kullum, shawarar da ta fi sauƙi ita ce saduwa duk bayan kwana biyu ko uku tun daga tsarki har ƙarshen wata, ba sai an lissafa komai ba. Tara maniyyi na mako biyu don a jira rana guda ba ya ƙara dama, rage ingancinsa ma yake yi. Zubowar ruwa bayan saduwa kuma, wanda mata da yawa ke ɗauka shi ke hana su ciki, ba komai ba ne. Ƙwayoyin da za su wuce sun riga sun shiga ruwan bakin mahaifa cikin mintuna, abin da ya zubo ruwan da ya ɗauko su ne.

Na san akwai masu karanta wannan da niyyar tazarar haihuwa. Lissafin ɗaya ne, amma kuskure a wurinku ya fi tsada. Akwai tsarin da Jami'ar Georgetown ta Amurka ta fitar, wanda ake bi da carbin lissafi mai 'ya'ya 32, inda ake kauce wa saduwa daga rana ta 8 zuwa ta 19. Na masu zagaye tsakanin kwana 26 da 32 ne kawai, don haka mai tambayar nan ba ta ciki. A yadda mutane ke amfani da shi a zahiri, kusan mata 12 cikin 100 suna samun ciki a shekara. Mai jego kuwa kada ta dogara da kalanda ko kaɗan, domin ƙwai yana iya riga jinin farko fita, ta nan kwanika ke shigowa mace tana cewa ai ba ta ga al'ada ba. Shayarwa tana kare mace daga ɗaukar ciki ne idan sharuɗɗa uku sun haɗu: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Wadda ta daina allurar wata uku za ta iya yin watanni, wani lokaci har kusan shekara, kafin ƙwai ya dawo fita daidai, alhali ashanar fata da robar mahaifa da an cire haihuwa ke dawowa. Watan da aka sha ƙwayar ɗage al'ada don azumi ko aikin Hajji, ko ƙwayar gaggawa ta bayan saduwa, ba a sa shi a lissafi.

Mu koma kanki. Tunda zagayenki yana kaiwa 35, kada ki fara gwajin ciki a rana ta 29 kina ganin layi ɗaya kina kuka. Ɓatan wata a wurinki sai an wuce rana ta 35. Ki fara shan folik asid, maikirogiram 400 kullum, tun yanzu, domin lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa suna haɗuwa ne a makonnin farko kafin mace ta san tana da ciki. Kuma ina roƙonki kada ki sayi Clomid ko makamancinsa a kemis don wata ta sha ta samu. Maganin sa ƙwai ya fita ne, wadda ƙwanta ke fita da kansa ba abin da zai ƙara mata, yana iya busar da ruwan nan da muke nema, ya kumbura gidan ƙwai, kuma likita ma ƙidayayyun watanni yake ba da shi yana bi da sikanin.

Fiye da kashi 80 cikin 100 na ma'auratan da matar ba ta kai 40 ba suna samun ciki cikin shekara guda in suna saduwa a kai a kai. Idan kin cika wata 12 shiru, sai ku je asibiti. Mai shekara 35 zuwa sama wata shida za ta jira. Wadda ba za ta jira ba ko kaɗan ita ce mai al'adar da ke wuce kwana 35 a kai a kai ko ba ta kai 21 ba, ko ta yi wata uku ba ta gani ba kuma ba ciki, ko nononta na fitar da ruwa ba ta shayarwa, ko gashi na fito mata a haɓa tare da ƙuraje da ƙiba, ko ciwon mara mai kwantar da ita, ko jini bayan saduwa, ko ta taɓa yin ciki a wajen mahaifa ko tiyata a mara. Waɗannan na iya nuna PCOS, ko hawan sinadarin furolaktin mai sa nono ya kawo ruwa, ko matsalar tayirod da ke a maƙogwaro, ko toshewar hanyar ƙwai, kuma yawancinsu suna da magani.

Na ce ku je, ban ce ki je ba. A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri akwai hannun ɓangaren namiji, shi kaɗai ko tare da na matar, kuma gwajinsa shi ne mafi sauƙi da arha: ya ƙaurace wa saduwa kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da maniyyi a duba. Ko da abokiyar zamanki tana da 'ya'ya, wannan ba ya ɗauke masa gwajin, don ingancin maniyyi yana canzawa da shekaru da ciwon suga da wasu cututtuka da magunguna. Ke kuma idan aka rubuta miki gwajin furojestaron a jini, wanda ake yawan cewa a yi a rana ta 21, ki gaya wa likitan tsawon zagayenki. Ana yin sa ne kwana bakwai kafin al'adar da ake jira, wato wajen rana ta 26 ga mai kwana 33. In aka ɗebi jininki a rana ta 21, sakamakon zai iya fitowa ƙasa a ce ƙwai ba ya fita alhali bai daɗe da fita ba, a dora ki kan maganin da ba kya buƙata. Ki tafi da littafin nan naki mai ranakun jini da na yauƙi na aƙalla wata uku, daga shi likita zai zaɓi ranar gwajin da ranar da za a fara bin girman ƙwai da sikanin.